Kundin Aikin Kulob ɗin Kimiyya: Sinadaran Jiki da Kayan Kasuwa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An dawo hutu. Yau na zauna da 'yan kulob ɗin kimiyya muka tsayar da aikin wannan zango: za mu haɗa ɗan littafin gwaje-gwaje a kan sinadaran da ke gina jikin mai rai, wato sitaci da sukari, mai, furotin da DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Sharaɗi ɗaya muka gindaya wa kanmu. Duk abin da gwaji zai buƙata, sai ya zama ana samunsa a kasuwa, ko kemis, ko madafi. Makarantun ƙauye da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, mu ma da ake ganin muna da shi, rabin kwalaben da ke kan kanta sun daɗe da bushewa.

Jarrabawar zangon da ya wuce ce ta tunzura ni. Kusan duk 'yan aji biyar sun rubuta cewa zarrar kabon tana da hannu huɗu, kuma tana kama 'yar'uwarta su yi sarƙa. Haka ne. Amma da na tambaye su da baki me ya sa saniya ke ƙoshi da karan dawa, mu kuwa sai ƙwayar, sai aji ya yi tsit, alhali amsar tana cikin haddar da suka zuba mini a takarda. Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan littafin.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun fara da nuna kabon ɗin da ido. A kan murfin gwangwanin madara muka ɗora sukari, garin gero, ɗan tsakuren auduga da gashi, kowane daban, muka gasa su a kan risho. Sukari ya narke ya yi ja, ya tumfaye, ya koma baƙi ƙirin. Gero da auduga ma baƙi. Gashi ya ƙudundune ya tashi da ƙaurin nan na babbakar kai da ƙafa, har yara suka toshe hanci. Na ce su rubuta wannan ƙauri su ajiye, domin alama ce ta naitirojin da farar wuta da ke cikin furotin, waɗanda babu su a sukari. Za mu dawo kansa.

Kimanin kashi 18 cikin ɗari na nauyin ɗan'adam kabon ne. Yarinya mai kilo 50 tana ɗauke da wajen kilo 9. Sai da suka yi lissafin da kansu suka yarda.

Ruwan gwada iskar kabon dayoksaid daga wajen mai walda muka samo shi. Kabaid ɗin da suke zuba wa ruwa yana ba da gas ɗin asetilin, wanda zarrar kabon biyu ne riƙe da juna da hannu uku-uku, farin dagwalon da ke saura a tukunyar kuwa kalsiyam haidiroksaid ne. Baba mai walda ya ce zubar da shi suke yi, in ɗiba son raina. Na ɗebi tsohon da ya gama aiki, na dama da ruwa, ya kwanta, na tace garau ɗin saman. Da shugabar kulob ta hura numfashinta a ciki da tsinken shan lemo, ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Kabon ɗin tuwon jiya ke nan yake fita ta hanci.

Laraba, 22 ga Janairu

Yumɓu da tsinken sakace. Na ce kowane rukuni ya gina methen: kabon ɗaya, haidirojin huɗu. Duka suka kawo mini shi a shimfiɗe kamar alamar tarawa, yadda littafi ke zana shi. Sai na ce su nesanta tsinkayen huɗu da juna iyakar iyawa, kada su damu da ko zai kwanta a tebur. Bayan ɗan ja-in-ja wata ta ɗaga tsinke ɗaya sama, ukun suka baje a ƙasa, abin ya tsaya da ƙafafunsa. Mun auna kusurwar da ma'aunin lissafi, ta faɗo kusa da digiri 109.5 da ake nema.

A 1858 August Kekulé na Jamus ya bayyana cewa kabon hannu huɗu gare shi kuma yana yin sarƙa. Wannan tsayuwar ta fuska huɗu kuwa sai a 1874 Jacobus van 't Hoff na Holan da Joseph Le Bel na Faransa suka kawo ta, kowa daban. Shekarun van 't Hoff 22 a lokacin, kuma shi ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901. Na faɗa musu shekarun da gangan.

Hunturu yana fasa mana yumɓu kafin a tashi. Yanzu da jiƙaƙƙen tsumma muke rufe shi.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau ce ranar da nake jira. Da aidin na kemis, irin na wanke ciwo, wanda muka sirka da ruwa, muka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Garin gero, garin dawa, dafaffiyar shinkafa, yankan rogo da dankali, duk suka koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, da ɗigo ɗaya. Auduga da totuwar karan dawa kuwa launin aidin ɗin kawai suka sha, ruwan ƙasa-ƙasa.

Sannan na rubuta a allo cewa sitacin gero da zaren auduga duk da sukarin gulukos aka gina su, C6H12O6, ba a ƙara komai ba. Wata ta ce, "Malama, to ai da sai mu dama auduga mu sha." Daidai inda nake son a zo ke nan.

Muka koma kan yumɓu. Gulukos zobe ne mai kusurwa shida, kabon biyar da oksijin ɗaya, kabon na shida yana maƙale a gefe. A jikin kabon na ɗaya akwai wani hannu mai ɗauke da oksijin da haidirojin. In ya kalli ƙasa, sunansa alfa. In ya kalli sama, beta. Iyakar bambancin ke nan. Rukuni biyu suka ɗinka zobba ta hannun alfa, biyu ta beta. Masu alfa suka ga sarƙarsu tana lanƙwashewa da kanta, tana neman naɗewa ta bar rami a tsakiya. Masu beta suka kasa haɗa nasu sai da suka riƙa kifa kowane zobe na biyu, kuma da suka yi haka sarƙar ta miƙe sambal.

Daga nan bayani ya zo da sauƙi. A cikin ramin naɗaɗɗiyar sarƙar sitaci aidin ke shiga ya jeru, shi ne shuɗin da muke gani. Miƙaƙƙun sarƙoƙin beta kuwa, wato selulos irin na auduga, kwanciya suke yi gefe da gefe su manne da juna gam, ruwa ma da ƙyar yake ratsa su, shi ya sa suke zama zare, kara da itace. Amiles, inzayim (wato furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai a jiki) da ke cikin yawunmu da hanjinmu, haɗin alfa kaɗai yake iya yankawa. Ita ma saniya ba da ƙarfin kanta take narkar da kara ba. Ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta su ke da inzayim ɗin da ke tsinka haɗin beta, tana cin abin da suka sarrafa. Gara ma, da taimakon ƙananan halittu take cin azara.

Abubuwa biyu suka faru da ba su cikin tsari. Aidin ya ɗiga a littafin wata yarinya, takardar ta yi shuɗi, aka taso mini da cewa ai na ce takarda selulos ce. Selulos ɗin ce, amma masana'anta suna shafa mata sitaci don ta yi santsi ta riƙe tawada. Mun gwada takardar goge hannu mara sitaci, ba ta canja ba. Wannan zai shiga littafin a matsayin tarko ga mai gwaji. Na biyu, mun ɗumama ruwan sitaci mai shuɗi a kan wuta, launin ya ɓace, da muka tsoma kwalbar a ruwan randa ya dawo. Zafi ne ke sassauta naɗin ya saki aidin. Sun maimaita shi har aka kaɗa ƙararrawa.

A ganina, da manhaja za ta ba wannan darasi guda mako biyu cur, da an rage haddar da ba ta kai yaro ko'ina.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je gidan wata dattijuwa da ke kawo kunun zaƙi bakin makaranta, tare da 'yan kulob biyu da iyayensu suka amince. Ta jiƙa geronta tun jiya, an niƙo shi da citta da kanumfari. Ta raba ƙullun biyu, babba da ƙarami. Babban ta sheƙa masa tafasasshen ruwa tana juyawa da muciya har ya yi kauri, ya ɗauki sheƙi. Ƙaramin ta haɗa shi da niƙaƙƙen busasshen dankali ta ajiye gefe. Sai ta zauna tana hira da mu, lokaci-lokaci tana kai bayan hannu jikin robar.

Na ce, "Inna, me ake jira?"

Ta ce, "Ya sha iska tukuna, 'yar nan. In kika zuba masa dankalin da zafinsa kin kashe shi, ba zai tsinke ba, zaƙin ma ba zai fito ba. In kuma ya huce sarai, sai ki wuni kina jira."

Da ta gamsu ta juye ƙaramin a cikin babban ta gauraya. Muna zaune kaurin ya fara saki. Abin da muciya ke tsayawa a cikinsa ɗazu ya koma yana zuba daga ludayi. Mun riƙa ɗibar cokali-cokali muna ɗiga aidin a faranti: na farko shuɗi mai duhu, na baya-baya ya karkata zuwa ja-ja. Bai washe gaba ɗaya ba, kuma haka ya kamata, domin sitaci yana da rassa, amiles ɗin dankali kuwa daga bakin sarƙa yake gutsuro sukarin maltos, in ya iso mararrabar reshe sai ya tsaya.

Duk abin da littafin bayoloji ke faɗa game da inzayim da zafi yana cikin hannun matar nan. Tafasasshen ruwa yana kumbura ƙwayar sitaci ta fashe, inzayim ya samu hanyar shiga. Amma shi inzayim furotin ne, tafasa tana warware siffarsa ya daina aiki. A 1833 Anselme Payen da Jean-François Persoz suka fara ware irin wannan inzayim a Faransa, daga tsiron sha'ir. Wasu masu kunu a nan ma da tsiron shinkafa ko na dawa suke yi maimakon dankali, aikin ɗaya ne. Na roƙi Inna ta zo aji ta yi shi a gaban yara, ta ce sai in ba ranar kasuwa ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun maimaita na kunu a aji da kofi uku: ɗaya da ɗanyen dankali, ɗaya da dankalin da aka tafasa, ɗaya babu komai. Na farko kaɗai ya tsinke. Gwajin yawu ma ya yi kyau da tsararon ruwan sitaci, shuɗin ya ɓace sarai, sai dai kunya ta hana wasu tofawa a gaban ƙawaye, don haka a littafin za mu ce a yi shi rukuni-rukuni.

Ruwan Benedict na gano sukari da ke ma'ajiyarmu ya lalace, kuma ba abin da ake samu a kasuwa ba ne. Zai koma shafin ƙarshe, ga wanda ya samu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mai. Mun bar man gyaɗa, man ja, man shanu da man kaɗe a taga suka kwana cikin sanyi. Da safe man gyaɗa yana zuba abinsa, man ja ya yi rabi da rabi, man shanu da man kaɗe sun daskare. Asid ɗin sitiyarik, wanda ya yi yawa a man kaɗe, kabon 18 ne a jere, kuma sai wajen digiri 69 yake narkewa. Asid ɗin oleyik, wanda ya fi yawa a man gyaɗa, shi ma kabon 18 ne, amma wajen digiri 14 ya ishe shi. Bambancin haɗi ɗaya ne mai hannu biyu a tsakiyar sarƙar oleyik, wanda ya karya ta ta yi gwiwa, ta kasa jeruwa da 'yan'uwanta. Ban gama zanen ba wata ta ce, "Irin na sitaci da auduga ne, Malama, siffa ce." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ban nuna mata hanya ba.

Haɗa sabulu yana jiran izinin shugabar makaranta saboda sodar. Ina goyon bayan jiran. Soda tana cin fata, kuma ba mu da tabarau na kariya da za su ishi kowa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Furotin ya ci mana mako biyu. Awara ce ta buɗe darasin: madarar waken suya tana kan wuta, aka zuba ruwan tsami, nan take ta tsinke ta dunƙule, ruwan ya ware gefe. Farin ƙwai a ruwan zafi ma haka, kuma ba ya komawa. Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20, wadda ke naɗewa ta ɗauki siffa guda takamaimai. Tsami ko zafi suna warware naɗin, sarƙoƙin su cakuɗe da juna. Gwajin bayuret na gano furotin, da soda da shuɗin gishirin tagulla, ni na yi shi da hannuna suna kallo. Madarar wake, nono da farin ƙwai sun ba da launin shunayya, ruwan sitaci bai ba da ba. Gishirin tagullar daga ma'ajiyarmu ya fito, don haka wannan gwaji ya karya sharaɗinmu, amma ban ga yadda za a yi babin furotin babu shi ba. Zai shiga da gargaɗi.

Mun koma kan ƙaurin gashin nan na Janairu. Naitirojin ɗin furotin da jiki ya gama da shi, hanta ce ke mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. Yuriyar buhu da iyayensu ke zuba wa masara ita ce dai wannan, kashi 46 cikin ɗari naitirojin. Friedrich Wöhler ya haɗa ta a ɗakin gwaji a 1828 ba tare da ƙodar kowa ba, abin da ya fara girgiza tunanin cewa sinadaran jiki sai mai rai ke iya yin su.

Bayan an tashi wata yarinya ta tsaya. Ƙaninta yana da sikila, ta ce a asibiti an ce musu a jini yake, tana so ta san ko shi ma maganar siffa ce. Muka zauna. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana da sarƙar beta mai amino asid 146. A mai sikila na shida kaɗai ya canja: inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. Na farkon yana jituwa da ruwa, na biyun yana gudunsa. In oksijin ya yi ƙasa, wannan gurbi mai gudun ruwa sai ya laƙe a jikin himogulobin na kusa, su yi ta jeruwa su zama dogayen sanduna, su tanƙware ƙwayar jinin ta koma lauje. Ita ke toshe ƙananan jijiyoyi ta kawo ciwon nan mai sa yaro kuka cikin dare. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci. Vernon Ingram ya gano wannan canji na amino asid guda a Kambirij ta Ingila a 1956.

Ta tambaya ko laifin wani ne. Na ce mata babu laifin kowa, gado ne daga ɓangarori biyu, kuma in uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na gano ko mutum AA ne, AS ko SS. Waɗannan yara nan da 'yan shekaru za a miƙa musu takardar sakamako mai haruffa biyu. Ina so su karanta ta da fahimta. Na ƙara shafi biyu a babin furotin a kan sikila, ba tare da labarin kowa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, an rage lokacin kulob, kuma duk gwajin da ke buƙatar ɗanɗano ya tsaya. Mun yi na DNA: ayaba a dame cikin leda, gishiri kaɗan, sabulun wanke-wanke na ruwa, a tace da ƙyalle, sannan a tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofi. Babu wuta, sai da muka sayo ƙanƙara muka binne kwalbar sifirit a ciki. Farin abu mai yauƙi ya taso a tsakanin ruwan biyu, suka naɗo shi da tsinke. Na gaya musu gaskiya cewa ba DNA zalla ba ne, akwai tarkacen ayaba a ciki. Friedrich Miescher ya fara ware shi a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti. Na haɗa musu shi da darasin makon jiya: da haruffa ake rubuta jerin sinadaran DNA, kuma a na mai sikila harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG.

Alhamis, 13 ga Maris

An gama rubutun hannu na babi huɗu, yara biyu masu kyan zane suna kan hotunan zobban gulukos. Na ƙara ɗan akwati a kan rogo mai ɗaci, bayani kawai babu gwaji. Linamarin da ke cikinsa gulukos ne da aka ɗaura wa wani guntu mai kabon da naitirojin riƙe da hannu uku. In an gurza rogon, inzayim ɗinsa ya haɗu da linamarin ya saki gubar sayanaid, wadda ke tashi ta bi iska tun daga wajen digiri 26. Dalilin jiƙawa, matsewa, shanyawa da suyar garin kwaki ke nan, kuma dalilin da ya sa ba a ba yaro ko akuya ɗanyensa.

Abin da ya rage: izinin sabulu bai fito ba, Inna ta ce sai bayan Sallah, kuma ma'aunan da muka rubuta da "cokali" suna buƙatar a fayyace na shayi ne ko na cin abinci, don rukuni biyu sun samu sakamako daban a kan haka. Wani malamin bayoloji a makarantar ƙauye da ke kusa ya yarda ya gwada babin sitaci da ɗalibansa ba tare da na je ba. Na ba shi kwafi da kwalbar aidin ɗaya, na roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk umarnin da ya sa shi tsayawa yana tunanin me ake nufi. Zai dawo da shi makon farko na zango na uku, sannan mu kai wa mai buga takardu.